Hanyar Katako, Kyarkeci da Bindiga: Me Ke Cinye Garkunan Karibu a Dazukan Kanada?

A watan Janairun 2019 ma'aikatan kula da namun daji na lardin Birtish Kolombiya da ke yammacin Kanada suka hau duwatsun Selkirk ta kudu, dab da iyakar Amurka, suka kamo wata macen karibu, dabba dangin barewa, suka kai ta wani shinge kusa da garin Revelstoke. Ita kaɗai ta rage a garkenta. Shekara goma kafin nan garken ya haura dabba 40, kuma shi ne garke na ƙarshe da ke tsallakawa zuwa jihohin Idaho da Washington na Amurka. An daɗe da haramta harbinsa a ƙasashen biyu, amma hakan bai hana shi ƙarewa ba.

Wanda ke bibiyar labaran da ke fitowa daga can dole kansa ya ɗaure. Gwamnati na aika maharba cikin jirgi mai saukar ungulu su kashe kyarketai. A wani yanki ta ƙara wa mafarauta lasisin harbin mus, babba a dangin barewa, a wani yankin kuma ta rage shi da rabi. A lardin Kebek an tattara ragowar wasu garkuna an kulle su cikin waya. Duk da haka manyan motoci ba su fasa fitowa daga daji da gumagumai ba. Waɗannan matakai da ake ganin kamar suna karo da juna duk daga tushe ɗaya suka fito, kuma ba a gane su sai an fara daga hanyar da aka fasa cikin daji.

Dabbobin da ake magana a kansu

Karibu dabba ce dangin barewa, mai ƙaho mai rassa, kuma mace da namiji duk suna yin ƙahon. Hotonsa ne a jikin kwabon santi 25 na Kanada tun 1937. Akwai na can arewa mai nisa inda babu itatuwa, masu tafiya dubu-dubu, amma wannan sharhi a kan na cikin kurmi da na kan duwatsu yake, waɗanda ke zama ƙananan garkuna. Abincinsu a lokacin hunturu wani irin busasshen gansakuka ne da ke fitowa a ƙasa ko yake rataye a rassan tsofaffin itatuwa. Gansakukan nan ba ya yawa sai daji ya tsufa, ya yi shekara 80, 100 ko fiye.

Mus shi ne babba a dangin. Namiji kan kai kilo 500, wato ya ninka karibu fiye da sau biyu. Shi ganyen ƙananan itatuwa da toho yake ci, don haka sabon daji yake so. Sai barewa mai farar wutsiya, wadda ita ma toho take bi. Masu cin su kuwa su ne kyarkeci, da beyar, da wata babbar kyanwar dutse mai suna kuga. Kyarkecin can ya bambanta da namu na dajin Afirka, ya fi shi girma ƙwarai, amma halin farauta cikin ayari ɗaya ne.

Abu guda ya kamata a riƙe tun daga nan. Macen karibu ɗa ɗaya take haifa a shekara, kuma ba ta fara haihuwa sai ta kusa shekara uku. Macen mus kan haifi tagwaye idan abinci ya wadata, barewa ma haka, kyarkeci kuwa kan zuba 'ya'ya huɗu zuwa shida. Duk asarar da ta faɗa wa dabbobin nan gaba ɗaya, karibu ne na ƙarshe wajen mayar da gurbi.

Ba shi da ƙarfin faɗa, don haka dabararsa ta tsira ita ce nisanta. Yana zama a inda sauran dabbobi ba sa so: dausayi mai laka da ƙafa ke nutsewa, da tsohon kurmi mai duhu, da ƙololuwar duwatsu inda dusar ƙanƙara ta yi zurfi. Kofatonsa faffaɗa ne, yana tafiya a saman abin da kyarkeci zai nutse a ciki. Idan lokacin haihuwa ya zo, matan sai su warwatse, kowace ta nemi lungunta, ta yadda neman su zai fi ƙarfin ribar da mai farauta zai samu. Dubban shekaru karibu da kyarkeci suka yi a daji ɗaya a kan wannan tsari.

Abin da hanya ke yi bayan motar katako ta tafi

Kamfanin katako ba ya fitar da gungume sai da hanya. Hukumar da ke sa ido kan aikin gandun daji a Birtish Kolombiya ta ƙiyasta a 2015 cewa lardin na da hanyoyin daji sama da kilomita 600,000, kuma ana ƙara kimanin kilomita 10,000 duk shekara. A maƙwabcinsa Alberta akwai ƙari: layukan da masu neman mai da iskar gas suka yanka cikin kurmi tun shekarun 1950, miƙaƙƙu tamkar an ja su da zare, faɗinsu mita 5 zuwa 10. Da yawansu har yau ba su rufe ba. Nauyin katafila ya danne ƙasar dausayi, ruwa ya kwanta a kan layin, irin itace ya kasa kamawa. Wani bincike na 2006 ya tarar fiye da rabin irin waɗannan layuka suna nan a buɗe bayan shekara 35.

Masana sun ɗaura wa kyarketai abin wuya mai na'urar GPS a arewa maso gabashin Alberta don su ga yadda suke amfani da layukan. Sakamakon da Melanie Dickie da abokan aikinta suka fitar a 2017 ya nuna kyarkeci na tafiya ninki biyu zuwa uku na saurinsa idan yana kan layi, in an kwatanta da cikin surƙuƙi. Ga dabbar da cikinta ya dogara da yawan ƙasar da ta zaga a rana, wannan babbar garaɓasa ce. Layin kuma ba ya kauce wa dausayi, ratsa shi yake yi. Maɓoyar da karibu ya dogara da ita ta samu ƙofa. Da hunturu sai abin ya ƙaru, domin babur ɗin kan ƙanƙara ko motar share hanya na danne dusar ta yi tauri, kyarkecin da a da zai nutse har ƙirji sai ya bi sawun ya hau dutse cikin sauƙi. Ko a gandun dajin Jasper, inda ba a sare itace, hukuma ta koma rufe wasu yankuna da hunturu saboda sawun masu yawon shaƙatawa na kai kyarketai wurin karibu.

Sai dai ba kowace hanya ce ke yi wa kyarkeci rana ba. Tun 1985 wani bincike a jihar Wisconsin ta Amurka ya nuna kyarketai sun ɓace a yankunan da hanyoyin mota suka haura kusan kilomita 0.6 a kowace murabba'in kilomita, domin inda mota ke yawan bi, bindiga da tarko na bi. Hanyar da ke amfanar kyarkeci ita ce wadda aka gama aiki da ita aka watsar, babu zirga-zirga, kuma ba a toshe ta ba. Irin waɗannan su suka fi yawa.

Yadda mus ke jawo wa karibu mutuwa ba tare da ya taɓa shi ba

Nan ne gundarin maganar, kuma nan ne mutane suka fi ruɗewa. Idan aka share tsohon kurmi, ba hamada wurin ke zama ba. Cikin 'yan shekaru toho da ƙananan itatuwa masu taushin ganye sukan cika shi, wato abincin mus da barewa ya samu. Sai su yawaita. Barewa mai farar wutsiya ma ta yi ta matsowa arewa zuwa yankunan da ba a san ta ba a da, saran daji da sassaucin hunturu na taimaka mata. Nama ya yawaita, kyarketai su ma sai su yawaita.

Kyarkeci ba karibu ya fito nema ba. Mus da barewa ne tuwonsa na kullum. Amma idan ayarin ya ƙaru, kuma hanya ta ratsa ko'ina, dole wata rana ya ci karo da karibu, kuma ba zai ƙyale shi ba. A ƙa'idar daji, idan abin farauta ya ragu, mai farautar ma yunwa ta rage shi, sai abin farautar ya samu sararin farfaɗowa. A nan ƙa'idar ta karye, tunda ko karibu ya ƙare ƙaf, kyarkeci na da mus. Garken karibu na iya sauka daga 100 zuwa 10 ba tare da kyarketai sun ragu ko ɗaya ba. Masana na kiran wannan gasar da ba a gani: dabbobi biyu ba sa cin abinci ɗaya, ba sa faɗa, amma yawan ɗaya na kashe ɗayan ta hannun maƙiyin da suka haɗa.

Wani masanin karibu, Tom Bergerud, ya daɗe da ƙiyasta cewa idan kyarketai suka haura kusan 6.5 a murabba'in kilomita 1,000, garken karibu kan fara raguwa. Ga karibun kan dutse ma hukumomi na neman adadin ya yi ƙasa da 3. Beyar kan cinye jarirai a makonninsu na farko, a kudu kuma, kamar a Selkirk, kuga ta biyo barewa ta yi ɓarna mai yawa. Saboda haka idan aka duba gawar karibu, haƙorin kyarkeci ko na kuga za a gani. Idan aka tambayi abin da ya kawo haƙorin wurin, sai an koma shekara 20 ko 30 baya, ranar da aka fasa hanyar.

Ina mafarauci ya shigo?

Ga karibun kurmi, harbi ba shi ne babban dalilin raguwarsa a yau ba, domin an rufe farautarsa a yawancin wuraren. Tasirin mafarauci ya fi fitowa a kan mus da beyar, kuma a nan ma hanya ce ke yanke hukunci.

Wani bincike a lardin Ontariyo a 1997 ya kwatanta dazukan da aka sare da waɗanda gobara ta ci. Mus ya yawaita a inda sabon toho ya fito amma mafarauta ba su da hanyar shiga. A inda aka bar hanyoyi a buɗe, ƙarin abincin bai haifar da ƙarin mus ba, domin bindiga ta kwashe rarar. Dalilin a fili yake. Wanda zai harbi dabba mai kilo 500 sai ya yi tunanin yadda zai fitar da naman. Idan sai ya yi tafiyar yini da ƙafa, mutum kaɗan ne za su gwada. Idan mota za ta tsaya kusa da gawar, kowa ma mafarauci ne. Fili da aka share kuma yana ba mai bindiga damar hango dabba daga nesa.

Tsakiyar Birtish Kolombiya ta ga wannan da idonta. Daga ƙarshen shekarun 1990 wani ƙwaro mai huda bawon itace ya kashe itatuwa a fili mai faɗin kusan hekta miliyan 18. Gwamnati ta ba da izinin gaggauta sare matattun itatuwan kafin su lalace, aka fasa hanyoyi birjik. Ƙidayar da aka yi wajen 2011 da 2012 ta nuna mus ya ragu da kashi 50 zuwa 70 cikin ɗari a wasu yankuna, har lardin ya ƙaddamar da bincike na musamman a 2013. Wato saran da ya wuce kima na iya cutar da mus ɗin kansa, wanda ake cewa shi ne mai cin riba.

Beyar mai launin ƙasa kuwa, mafi yawan waɗanda mutane ke kashewa a kusa da hanya suke mutuwa, cikin tazarar mita 500. Shi ya sa hukumomi a Alberta da Birtish Kolombiya ke amfani da ma'aunin kilomita 0.6 na buɗaɗɗiyar hanya a kowace murabba'in kilomita a matsayin iyakar da bai kamata a wuce ba. Birtish Kolombiya ta hana farautar wannan beyar a ƙarshen 2017, in ban da 'yan asalin ƙasa, amma dokar ba ta rage kilomita ko ɗaya na hanya ba.

Akwai kuma inda aka mayar da mafarauci magani. A yankin Revelstoke, daga 2003, an ƙara yawan lasisin harbin mus da gangan. Mus ya ragu da fiye da rabi, kyarketai suka ragu a bayansa, garken karibu mafi girma a yankin ya daina raguwa. Ƙananan garkunan da suka riga suka yi rauni dai ba su farfaɗo ba. Dabarar na da haɗarinta: idan aka rage mus da gaggawa ba a taɓa kyarketai ba, yunwa na iya tura su kan karibu kafin su watse.

Hanya ɗaya, sakamako daban: dazukan tsakiyar Afirka

Kwatanci da dazukan Kamaru, Gabon da Kwango na ƙara haskaka lamarin. A can ma hanyar katako ce mabuɗi, kuma hotunan tauraron ɗan'adam sun nuna tsawon hanyoyin da ke cikin yankunan da aka ba kamfanoni ya ninka tsakanin 2003 da 2018. Bambancin shi ne wanda ke bin hanyar. A Kanada kyarkeci ne, a Afirka mutum ne da tarkon waya da bindiga, motar gungume kuma ta ɗauko masa naman zuwa kasuwar birni. Giwayen kurmi sun ragu da kashi 62 cikin ɗari tsakanin 2002 da 2011, galibi saboda hauren giwa. Mai cin nama kuwa a can asara yake yi: bincike a Gabon ya nuna damisa na raguwa a inda mafarauta suka kwashe gada da aladen daji, domin abincinsu ɗaya.

Wani bincike da aka wallafa a 2024 ya kafa kyamarori a yankunan katako na Gabon da Jamhuriyar Kwango, ya tarar manyan dabbobi sun fi yawa a inda kamfani ke bin ƙa'idar tsare ƙofar hanya, da toshe tsofaffin hanyoyi, da sama wa ma'aikata wani naman. A Najeriya ma, rububin saran madobiya da aka yi a Taraba da kewayenta don kai wa Sin ya buɗe hanyoyi har zuwa gefen gandun Gashaka-Gumti, kafin a sa itacen cikin jerin yarjejeniyar CITES, mai taƙaita cinikin dabbobi da itatuwan da ke cikin haɗari tsakanin ƙasashe, a 2017.

Ma'aunin kashi 65

Kanada ta sa karibun kurmi cikin jerin dabbobin da ke fuskantar barazana a 2003. A 2012 gwamnatin tarayya ta fitar da tsarin farfaɗo da shi, inda ta raba mazauninsa gida 51, ta ce 37 daga ciki ba za su iya riƙe kansu ba. Tsarin ya kafa ma'auni: a bar aƙalla kashi 65 cikin ɗari na mazaunin kowane garke ba tare da an taɓa shi ba. "Taɓawa" a nan na nufin duk inda aka sare ko aka fasa hanya, haɗe da mita 500 a kowane gefe, da inda gobara ta ci cikin shekara 40 da suka wuce. Mita 500 ɗin nan ita ke sa siririyar hanya ta cinye fili mai yawa a lissafi: kilomita ɗaya na hanya na ɓata kusan murabba'in kilomita guda.

Mutane da yawa na ɗaukar kashi 65 a matsayin tabbacin tsira. Tsarin da kansa ya ce ko an cika shi, damar garken ya riƙe kansa kashi 60 ce cikin ɗari. Mazaunin garken Little Smoky a Alberta kuwa an riga an taɓa kashi 95 nasa tun lokacin.

Matsalar aiwatarwa ta tsarin mulki ce. Dokar kare dabbobi ta tarayya ce, amma daji da lasisin katako da na mai a hannun larduna suke, kuma su ke karɓar kuɗin shiga. An ba lardunan wa'adi zuwa Oktoban 2017 su kawo tsarin kowane yanki, wa'adin ya cika ba su kammala ba. A Kebek, garken Val-d'Or ya sauka zuwa dabba bakwai aka kulle su a shinge a 2020, na Charlevoix ya bi sahu a 2022. A Yunin 2024 ministan muhalli na tarayya na lokacin, Steven Guilbeault, ya fara shirin dokar ta-ɓaci don kare garkuna uku a lardin. Gwamnatin Kebek da garuruwan da ke rayuwa da injin yankan katako suka yi tsaye a kan cewa dokar za ta rufe masana'antu.

Harbin kyarkeci: me kowane ɓangare ke cewa?

Alberta ta fara kashe kyarketai a Little Smoky a 2005. Cikin shekara bakwai an kashe 841, wasu daga jirgi, wasu da guba. Garken karibun ya daina raguwa, amma bai ƙaru a zo a gani ba. Birtish Kolombiya ta fara nata a 2015, ta sabunta shi na wasu shekara biyar a 2022.

Masu goyon baya, ciki har da masana da dama da suka ƙare rayuwarsu a kan karibu, hujjarsu lokaci ce. Ko yau aka daina sare itace, kurmi ba zai tsufa ba sai bayan gomman shekaru, garke mai dabba 30 kuwa ba zai kai lokacin ba. Kyarkeci ba ya cikin haɗarin ƙarewa a Kanada, karibu kuwa in ya tafi ya tafi. Wani nazari da Robert Serrouya ya jagoranta a 2019 a kan garkuna 18 ya nuna inda aka haɗa matakai biyu, kamar rage kyarkeci da killace masu ciki, an fi samun ƙaruwa. Wani na 2024 da Clayton Lamb ya jagoranta ya ƙiyasta cewa karibun duwatsun kudu ya ragu da kusan rabi daga 1991 zuwa 2023, amma da ba a ɗauki matakan ba, da an rasa ƙarin dabba kimanin 1,500.

Masu adawa sun kasu. Wasu masana sun sake duba alƙaluman 2019 a shekarar da ta biyo, suka ce lissafin bai tabbatar da amfanin harbin ba, kuma bambancin yanayin garkunan ya fi bayyana sakamakon. Wasu batun azaba suka ɗaga: gubar sitiriknin na kashe dabba cikin mummunan hali, kuma tana kashe hankaka, dila da duk abin da ya ci gawar. Hukumar lafiya ta Kanada ta soke amfani da ita a 2024. Ƙungiyoyin kare muhalli kuwa cewa suke yi kura ce ke shan bugu gardi na karɓe kuɗi: ana harbin kyarkeci, a lokaci guda ana sa hannu a sabon lasisin sara a mazaunin garken da ake cewa ana ceto.

Idan aka tace maganganun, saɓanin bai kai yadda ake zato ba. Kusan duk sun yarda lalacewar daji ce tushe. Hujjojin da suka taru sun fi karkata ga cewa rage kyarkeci na tsayar da raguwar garke, muddin ana yi da yawa kuma duk shekara, domin da an tsaya wasu kyarketan ke shigowa daga maƙwabta su cike gurbin cikin shekara biyu ko uku. Abin da ya rage a warware shi ne ko lokacin da ake saya da jinin kyarkeci ana amfani da shi wajen gyara daji. Inda saran bai tsaya ba, ana magani ne kai na kaba, kuma harbin ba shi da ranar ƙarewa.

Gyaran kansa aiki ne mai cin rai. Ana shiga da injin haƙa da hunturu lokacin da dausayi ya daskare, a tara ƙasa tsibi-tsibi a kan layin don dashe ya samu inda zai tsaya sama da ruwa, a dasa itatuwa, a kayar da wasu a gicciye don kyarkeci da babur su kasa wucewa. Kowace kilomita na cin dubban daloli, layukan da ke jira kuma sun haura kilomita dubu ɗari.

Su wa ke ɗaukar nauyin?

Ma'aikacin injin katako a ƙaramin gari shi ne na farko da ke jin tsoro, kuma tsoronsa na da tushe: idan aka killace daji, gungumen da ke zuwa injin zai ragu. Tarukan jin ra'ayi da aka yi a yankin kogin Peace na Birtish Kolombiya a 2019 sun yi zafi har firimiyan lardin na lokacin, John Horgan, ya tsawaita wa'adin tattaunawar. Masu yawo da babur ɗin ƙanƙara sun rasa wasu duwatsu da aka rufe. Mafarauta masu lasisi, waɗanda da yawansu da naman mus suke cika firjin gida na shekara, suna ganin su ake fara taɓawa domin rage lasisi ya fi hana kamfani sauƙi. Mai biyan haraji kuma shi ke biyan kuɗin jirgi da shinge da dashe, alhali yawancin layukan an yanka su ne a zamanin da doka ba ta tilasta wa kamfani ya rufe su ba.

'Yan asalin ƙasa na da hujja ta daban, ta shari'a. Yarjejeniya ta 8 da kakanninsu suka ƙulla da masarautar Ingila tun daga 1899 ta yi musu alƙawarin ci gaba da farauta kamar yadda suka saba. A Yunin 2021 babbar kotun Birtish Kolombiya ta yanke hukunci a ƙarar al'ummar Blueberry River cewa tarin hanyoyi, rijiyoyin gas da saran daji da lardin ya amince da su ɗaya bayan ɗaya ya karya wannan alƙawari. Hukuncin ne ya kai ga matakin 2022 na rage harbin mus da rabi ga masu lasisi da rufe farautar karibu a yankin Peace. Darasinsa ga hukumomi shi ne ba a auna hanya ɗaya ita kaɗai, sai an haɗa ta da duk waɗanda suka riga ta.

A wannan yankin ne kuma garken Klinse-Za yake. Dattawan al'ummomin West Moberly da Saulteau na ba da labarin lokacin da karibu ya cika duwatsun kamar ƙwari. Madatsar ruwa ta Bennett da aka gama a ƙarshen shekarun 1960 ta datse hanyar ƙaurarsa, katako da ma'adinai suka biyo baya. Tun shekarun 1970 dattawan suka hana mutanensu harbinsa. Duk da haka garken ya sauka daga kimanin 250 a shekarun 1990 zuwa 38 a 2013.

Al'ummomin biyu suka karɓi ragamar aikin. Duk watan Maris ana kama matan da ke da ciki a kai su wani shinge a kan dutse. Masu gadi daga cikin al'umma na kwana a wata bukka kusa da shingen, dare da rana, suna zaga waya suna duba sawun beyar da kyarkeci. Manya da yara na fita daji su tsinko gansakuka da hannu, buhu-buhu, don ciyar da dabbobin kafin cikinsu ya saba da abincin da aka tanada. Sai 'ya'yan sun yi kamar wata biyu, ƙafarsu ta yi ƙwari, ake buɗe musu ƙofa. A gefe guda maharban al'umma da na gwamnati na rage kyarketai. Zuwa 2021 garken ya kai 101. A Fabrairun 2020 al'ummomin suka sa hannu da gwamnatin lardi da ta tarayya a yarjejeniyar kare fili mai faɗin kusan murabba'in kilomita 8,000, wanda shi ne ɓangaren da sauran wurare suka rasa. Burin da suka bayyana shi ne garken ya yawaita har su koma farautarsa, ta yadda dattawan da suka daina harbin tun suna matasa za su sake ɗanɗana naman, jikokinsu kuma su koyi fiɗarsa.